Hannun da Kika Ɗaure

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ƙanwa ce zuwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gidan. Ɗanki Injiniya ya faɗa mini gwiwar nan ta sake tayar miki, har kin koma yin salla a zaune. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Ki daure ki riƙa shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kika ga dama ba, don na san halinki da magani. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidan yana nan da ƙorafin ido, ya ƙi zuwa a canja masa tabarau, wai masu jarida ne suka rage girman rubutu. Auta yana can makaranta yana ta fama da karatu. 'Yata Babbata an maido ta aiki asibitin da ke kusa da mu, saboda haka 'yarta, takwararki, a shagona take wuni idan ta taso daga makaranta. Za ki ga rubutun nan ba irin wanda kika saba gani ba ne, amma ba wani na sa ya rubuta mini ba.

Saƙonki na murya ya iso, na saurare shi sau uku. Kin ce matar Injiniya ta ba ki labarin takwararki da hagu take riƙe fensir, kuma mun zuba ido muna kallo kamar ba mu da zuciya. Kin ce idan Injiniya ya zo ƙarshen wata a haɗo shi da ita, ta yi dogon hutu a wurinki, wata uku ya ishe ki ki gyara ta yadda kika gyara ni. Har kika yi dariya kika ce ai ga ni nan, shekara talatin ina cin arzikin hannun dama, ban taɓa cewa na gode ba. Babbata ta ji saƙon, idonta ya cika da ƙwalla, amma ba za ta iya ce miki a'a ba, ke uwa ce a wurinta. Ta ce duk abin da na yanke shi ke nan. Na ɗauki waya sau biyu zan kira ki, na ajiye. Idan na ji muryarki komawa nake 'yar shekara shida, sai in ji ina cewa to alhali a'a ce a raina. Shi ya sa na zaɓi takarda. Amma kafin in ba ki amsa sai na ba ki labarin wani katako, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Wata biyar da suka wuce wata mata ta shigo shagona rungume da wani dogon abu a cikin bargo. Kin san shagon, yana nan yadda kika bar shi a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran waya da mai hoto: keken ɗinki biyu, teburin yanka, da fankar nan mai kaɗa kai kamar tana ƙin abin da ake faɗa. Matar doguwa ce, malamar kiɗa a wata makarantar sakandare. Ta kwance bargon, sai ga katako siriri, tsayinsa daga ƙuguna zuwa sama da kaina. An ja wayoyi goma a kansa daga sama har ƙasa, biyar masu kauri, biyar sirara, an kuma gicciya ƙananan ƙarafa a jikinsa kamar matakan tsani. Jaka take so in ɗinka masa, mai soso a ciki, da maratayi. Na tambaye ta ina kwaryar abin, tunda duk abin kiɗa mai tsirkiya da na taɓa gani yana da ciki. Ta ce wannan ba shi da ciki, da lasifika ake haɗa shi. Kuma ba a kaɗa shi da farce ko da tsinke, danna wayar kawai ake yi da kan yatsa a tsakanin ƙarafan, sai ta yi magana. Hannu biyu ke aiki a lokaci guda, kowanne da nasa kiɗan. Tun daga ranar 'yan layinmu suka sa mata Mai Katako.

Ta bar mini shi kwana uku don in auna in gwada. Rana ta biyu da azahar, babu kowa a shagon, na jingina shi a kafaɗata yadda na ga ta yi, na taɓa waya ɗaya. Ba tare da lasifika ba ƙarar ba ta fi kukan sauro ba, sai na kanga kunne. Na taɓa wata, na taɓa wata. Ban san na daɗe ba sai da inuwa ta tare ƙofa. Mai Katako ce, ta kawo zif ɗin da ta ce za ta zaɓo da kanta. Yaya, kafin in ɗago kai, hannuna na hagu ya riga ya gudu bayana ya ɓuya. Ni ban ce masa ya tafi ba. Mace mai shekara hamsin da biyu, mai jika, a cikin shagonta, ta tsaya da hannu a baya kamar an kama ta tana satar nama a tukunya. Matar ta dube ni ta tambaya ko ni bahaguwa ce. Na ce a'a, da dama nake komai. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Daga nan ta ce in zo gidanta ranar Asabar bayan la'asar, tana so ta ga wani abu.

Maigidan da ya ji sai da ya cire tabarau don ya yi dariya sosai. Ya ce mutane suna tsufa su kama carbi, ni na tsufa na kama katako. Mai gyaran waya ya ce idan na fara zuwa wasa shi ne mai ɗaukar jaka. Na bar su da bakinsu na tafi. Ɗakinta yana hawa na uku, ƙarami, da kujera ɗaya da lasifika da tagar da ke kallon igiyoyin shanyar maƙwabta. Abu na farko ta sa na yanke farce har sai da naman yatsa ya fito. Ta maƙala mini gindin katakon a ɗamara, ta rataya mini samansa a wuya, ya kwanta a ƙirjina a karkace. Ta ce hagu zai riƙe masu kauri, su ne masu babbar murya da ke riƙe tafiyar waƙa, dama kuma ya bi sirara ya rera. Da ta kunna lasifika na danna waya ɗaya, sai da na ji ƙarar a cikin cikina.

Hannun daman nan da kike alfahari da shi, Yaya, shi ya ba mu wahala. Shekara talatin yana matse almakashi, bai san taɓawa a hankali ba. Duk wayar da ya danna sai ta yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mai Katako ta yi ta faɗa mini in taɓa yadda nake taɓa dutsen guga in ji ko ya yi zafi, in taɓa in ɗauke. Mako shida muna kan layi ɗaya. Shi kuwa hagun, da ba a taɓa koya masa komai ba sai riƙe gefen yadi, a mako biyu ya haddace nasa. Yatsun suna zuwa inda ya kamata kafin in tuna. Wata Asabar ta ce in ajiye dama gaba ɗaya in bar hagu shi kaɗai. Na yi mata waƙar daga farko har ƙarshe babu kuskure. Da na gama ta ce ta koyar da yara da manya shekara ashirin, ba ta cika ganin hannu irin wannan ba, kuma da an same shi tun yana ƙarami da yanzu wani zance ake yi. Ita a ganinta yabo ta yi mini. Na yi mata godiya, na sauko, a hawa na biyu na zauna a kan matakala na yi kukan da ban yi ba ko ranar da muka rasa Baba.

Kin san abin da na tuna a matakalar nan. Shekarar da Inna ta rasu kina da sha huɗu, ina da shida. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai ki ɗauki tsohon ɗankwalin Inna, mai ruwan ƙasa, ki ɗaure mini wuyan hannun hagu a ƙugu ta cikin riga, don kada malamai su gani. Haka nake wuni. Idan na faɗi a filin wasa da fuska nake sauka. A gida kuwa rula ce, ta katako mai bakin ƙarfe. In ɗauki fensir, rula. In ɗauki allura, rula. In miƙa hannu in kama ƙofa, rula, tare da maganar nan taki da har yau nake ji: ina hannun mutane? A shekarar na fara in'ina, har 'yan aji suka sa mini suna da ita. Ban sani ba ko ɗaurin ne ya kawo ta ko rashin Inna, ni dai na san tare suka zo. Rubutuna da dama kuwa kin tuna shi. Malamin aji huɗu ya taɓa ɗaga littafina sama ya ce kaji sun yi taro a kai. A jarrabawa ina sanin amsa, lokaci ya ƙare ina tambaya ta uku. Da sakamako ya fito ke kika faɗa wa Baba cewa kaina ba na boko ba ne, a kai ni koyon ɗinki. Aka kai ni, aka ɗora mini almakashi a dama. Kantar da ke babban yatsana ta fi Babbata shekaru.

Ba na cewa mugunta kika yi. Yarinya ce ke, an bar miki gida da ƙannai uku da uba wanda baƙin ciki ya rufe wa baki. Maƙwabta suna cewa 'yar marigayiya za ta tashi ba tarbiyya, ke kuma kika ɗaura ɗamarar rufe musu baki. Ke kika yi mini kitso, ke kika kwana a kaina da na yi ƙyanda, ke kika sayar da 'yan kunnenki aka saya mini keken farko. Ban manta ko ɗaya ba. Amma shekara arba'in da shida ina ɗauka ni daƙiƙiya ce mai nauyin hannu, kuma duk wanda ya faɗa ina yarda, har ni ma ina faɗa da bakina ana dariya. Sai da wata baƙuwa ta shigo neman jaka sannan na san ba haka aka halicce ni ba. Wannan abin yana ci mini rai, kuma ban iya ɓoye miki ba.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce alhamdu lillahi, an yi asara an samu saura. Mai Katako ta ara mini tsohon nata, ina ajiye shi a bayan teburin yanka, idan aiki ya lafa in ɗauko. Muddin ni kaɗai ce, hannun nan gudu yake yi. Amma da zarar wani ya leƙo, ko mai kawo zare ne, sai ya saki wayoyin ya faɗi gefena. Malamar ta gwada dabaru iri-iri. Ta juya mini baya, ya yi. Ta juyo, ya tsaya. Ta sa na rufe ido, ya yi har sai da ta yi tari. A watan jiya ta tara ɗalibanta su takwas da iyalansu a wani aji na makarantarsu, kowa ya nuna abin da ya koya. Na ce ba zan yi ba, ta ce mutum ashirin ne kawai, kuma waƙar da hannuna ya sani ko cikin barci ce. Na ɗinka sabuwar riga saboda ranar. Aka kira ni, na tsaya, dama ya fara nasa da ƙyar yadda ya saba. Da aka zo inda hagu zai shigo, shiru. Ina kallonsa a kan wayoyin, yatsun a sandare, ina roƙonsa a zuciya kamar mai roƙon maƙwabci. Na sake farawa, haka. Na sake na uku, sai ya zame ya koma bayana, a gaban kowa. Wata yarinya ta yi dariya uwarta ta tsawatar mata. Maigidan shi kaɗai ya tafa, bawan Allah, ya ɗauka waƙar ce ta ƙare. Kin ce wata uku ya ishe ki. Gaskiya kika faɗa, Yaya, aikinki yana da kyau, har yau bai kwance ba.

Abin da ya fi wannan ciwo kuwa ni na yi shi da kaina. Kwana biyu kafin saƙonki ya zo, takwararki tana zaune a ƙasan teburin yanka tana wasa da ƙyallaye. Ina sauri, mai kaya tana tsaye a kaina. Yarinyar ta miƙo hagu ta ɗauki allin da nake zana yadi da shi. Wallahi ban yi tunani ba. Hannuna ya kai mata duka a bayan yatsu, bakina ya ce ina hannun mutane. Da muryarki ya faɗa, har da yadda kike jan ƙarshen. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta mai da hannun bayanta, ta ɗauki allin da dama. Da yamma uwarta ta same ta a bakin famfo tana wanke hannun da sabulu, ta ɗauraye ta sake goga sabulun, har sau uku. Da aka tambaye ta, ta ce Kaka ta ce wannan ba na mutane ba ne, tana so ya fita. Washegari na durƙusa a gaban yarinyar a cikin shagon, mai hoto yana kallo, na ba ta haƙuri, na ce Kaka ce ta yi kuskure, hannunta lafiyarsa ƙalau. Ta ce to. Amma kwana huɗu tana leƙen fuskata kafin ta ɗauki fensir.

Saboda haka ga amsata, kuma ki ɗauke ta daga gare ni, kada ki kira Babbata ki sa ta kuka. Takwararki ba za ta zo hutun nan ba. Idan Injiniya ya iso zan ba shi takardar nan da rigar da na ɗinka miki, amma yarinya tana nan. Cin abinci da karɓar abu daga hannun manya da dama take yi, mun koya mata da lallashi kuma ta iya, wannan ba mu da ja a kai. Fensir da allura da almakashi kuwa, da wanda Allah ya ba ta za ta riƙe. Kin san akwai almakashin da ake yi musamman domin bahagwai? Ni ban sani ba sai bana, Mai Katako ce ta faɗa mini, shekara talatin ina wannan sana'a. Na sa an kawo mini guda biyu, ƙarami da babba. Ƙaramin ya zauna a hannunta daidai. Babban na gwada shi sau ɗaya na mayar cikin aljihun tebur, don yankan da ya yi ya yi kyau har ya ba ni haushi.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce na zama butulu, wata mai kiɗa ta hure mini kunne da tsufana. Ki faɗa, na saba ji, kuma ba zan fasa gaishe ki ba. Ba haƙuri nake nema ki ba ni ba, don ko kin bayar ban san inda zan ajiye shi ba yanzu. Idan kina marmarin ganin takwararki, gidan nan naki ne, ɗakin Auta yana nan babu kowa. Ko kuma idan gwiwar ta hana, mu zo tare ni da ita mu yi miki mako guda, mu koma tare. Katakon kuwa ban ajiye ba, kowace Asabar ina hawa benen nan ina haki. Shekaranjiya ina yi a shago yarinyar ta shigo ba sallama, hannun ya faɗi yadda ya saba, ko ita bai yarda da ita ba. Ta zo ta kama shi da hannayenta biyu ta mayar kan wayoyin, ta ce in ci gaba, ai ba wanda zai doke ni. Ya danna waya huɗu ya tsaya.

Ki gaishe mini da Injiniya da matarsa, ki ce mata ban riƙe ta a zuciya ba, abin da ta gani ta faɗa. Ki gai da 'Yan Biyu da Likita da Autarki, da maƙwabciyar nan taki mai yawan dariya da muka gaisa a waya. Maigidan yana gaishe ki, ya ce a faɗa miki shi ba ruwansa a wannan magana, wanda kin san ƙarya ne. Babbata da Auta suna gaisuwa. Takwararki ta zana miki gida da bishiya, na saka a cikin ambulan, kin san da hannun da ta zana.

Rubutun nan da na ce ba wani ya yi mini ba, da hagu na yi shi. Ita ce takarda ta farko da ya taɓa rubutawa, kwana tara na yi a kanta, kullum sai na sakaya ƙofar shago tukuna. Jiya na bar ta a kan tebur, Maigidan ya ɗauka ya karanta layi biyu da idon nan nasa, ba tabarau, ya ce ya fi rubutuna na kullum karantuwa nesa ba kusa ba. Idan ke ma kin ga haka, don Allah kada ki faɗa mini.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Bahaguwa